Zomon Mai Wankin Hula

Tunda ka ce ka bi kowace hanya a kan lamarin nan ka rasa inda gizo yake saƙa, zauna in ba ka misali.

Wani mai wankin hula ne ya je zubar da ruwan sabulu bayan layi, sai ya tarar da farin zomo a cikin kwali an yar a bola, karnuka biyu suna kewaya shi. Kunnuwansa sun cika da ɓawon ƙazuwa har ba ya iya ɗaga su, ga alama mai kiwon ne ya gaji ya yar. Mutumin ya kori karnukan, ya cafko zomon ta kunnuwa yadda kowa ya tashi ya ga ana yi, ya kai gida. Ko kaza bai taɓa kiwo ba, amma kafin kwana uku zomon ya shiga ransa. Ya sa shi a kwando ya kai wa malamin dabbobi. Malamin ya fito da shi da kansa, ya yi masa allura, ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma. Ƙazuwa ta mutu, ɓawo ya zube, amma gindin kunnuwan ya ƙi warkewa. Yau ya kame, jibi ya tsage yana tsattsafo da jini. Kullum mutumin zai ɗago shi ta kunne da hannun nan nasa da ya saba matse hula, ya ɗiga magani, ya leƙa, ya girgiza kai.

Da fari ya ce maganin jabu ne, ya canja kanti. Ciwo yana nan. Ya ce ruwan rijiya ne, ya koma ba shi na famfo. Ya hana shi latas ya ba shi harawa, bayan mako ya hana shi harawa ya mayar da latas, don ya manta wanne ya fara zargi. Maƙwabta kuwa ka san su, ciwon wani ne ke mayar da kowa boka. Wannan ya ce man kaɗanya, wancan ya ce garin bagaruwa, wata tsohuwa ta ce baki ne ya kama shi, a yi turare. Kuma duk wanda ya zo, sai ya ɗaga zomon ta kunne ya juya shi a hasken rana kafin ya faɗi nasa maganin. Mai wankin hula ya koma wurin malamin dabbobi sau uku, na ukun har da faɗa, ya ce masa bai san aikinsa ba. Shi ma malamin kansa ya ɗaure, don ya duba bai ga ƙwaro ko ɗaya ba, ga kuma ciwo ɗanye kamar na jiya. Mutumin ya ruɗe har aikinsa ya fara lalacewa, ya ba wani hular wani. Zomon ya rame, ya rage cin abinci, da ya ji takun mai shi sai ya shige ƙarƙashin benci yana rawar jiki. Mutumin ya ce to, ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa ke nan, tunda ya daina gane wanda ya cece shi. Aka fara ce masa ya yanka tun bai zama mushe ba. Wannan magana ta yi masa ciwo ƙwarai, amma bai ga wata mafita ba.

Ana cikin haka aka yi musu rasuwa a Damagaram, dole ya tafi na mako biyu. Ya bar zomon da kwalbar magani wurin yayarsa, ya ƙudura a ransa in ya dawo bai ga sauƙi ba, wuƙa ce za ta raba su. Ita yayar ƙyanƙyamin ciwon take yi, ba ta ko son taɓa kunnuwan. Sai ta riƙa jefa wa zomon tsohon zani, ta sunkuce shi gaba ɗaya kamar jariri, ta ɗora a cinya, ta ɗiga maganin daga nesa, ta sauke. Da mutumin ya dawo, ya tarar da zomo yana tsalle a tsakar gida, kunnuwa a miƙe, gashi har ya fara tsirowa a wurin ciwon. Ya tsaya baki buɗe, ya ce, "Yaya, wane magani kika sa masa?" Ta ce, "Wanda ka bar mini." Bai yarda ba. Ya duba kwalbar, ya shinshina, ya tambaye ta ruwan da ta ba shi da abincin, duk irin nasa ne. Murna da ruɗani suka haɗe masa, ya ce bari ya gani da idonsa. Ya kai hannu ya cafki kunnuwan ya ɗaga sama. Zomon ya yi ƙara, ya shure iska, sabuwar fatar ta tsage, jini ya ɓata masa yatsu. Yayar ta karɓe shi da zaninta, ta ce, "Ƙanena, kai ma a riƙa rataye ka ta kunne sau biyu a rana, mu ga ranar da za ka warke."

Mutumin ya daɗe a tsaye yana kallon hannunsa. Wata uku ya yi yana zargin kanti da rijiya da bakin mutane, har ya ci mutuncin malamin da bai yi masa komai ba, saura kaɗan ya yanka dabbar da yake ƙauna. Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.