Bakanike da Jar Fitila

Gyara zama in ba ka misali. An yi wani bakanike, dattijo mai sanyin hali, wanda ya tsufa a ƙarƙashin manyan motocin aikin hanya. Wata shekara a ƙarshen bazara aka aiko masa daga wani ƙauye, inda ake toshe bakin madatsar ruwa da ta ɓalle a daminar da ta wuce. Katafila ɗaya tak ke tura ƙasar, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. In ruwan farko ya sauka ba a rufe ɓarakar ba, gonakin gangare sun tafi, lambun rani kuma sai labari. Ita kuwa katafilar ta tsiri wata ɗabi'a: tana cikin aiki sai jar fitila ta kama a gaban direba, inji ya rage ƙarfi da kansa, ta tsaya tana huci kamar san noma da ya ƙi huɗa. Abin da ke kunna fitilar wani ɗan ƙarfe ne da bai fi babban yatsa ba, kanikawa na ce masa sensa. A jikin inji yake ɗaure, aikinsa jin ƙarfin gudun baƙin mai, in ya ji ya yi rauni ya kai ƙara. Direba ya rantse ƙarya abin yake yi. Ya zaro sandar awon mai, ga shi cike. Ya tada inji, kukansa lafiya lau. Har sau biyu aka canja sensa, sababbin ma bakinsu ya zo ɗaya da na farko. Shugaban aikin, wanda rana da zullumi suka gama gasawa, ya ja bakanike gefe ya ce, "Baba, wayar nan kawai za ka tsinke mana, fitila ta yi shiru mu ƙarasa." Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, tsinke waya ba ya cin lokaci. Ba ni yinin yau in ji abin da take faɗa tukuna."

Shi ma ya san sensa kan yi ƙarya. Ya sha ganin wanda zafi ya ruɗa, da wanda ɓera ya ci wa waya. Saboda haka ya fara da wayar, ya bi ta taƙi-taƙi da yatsunsa, bai sami ko ƙwarzane ba. Daga nan ya koma gindin wani gawo ya zauna, ya ce direba ya ci gaba da tura ƙasa. Leburori suka shiga gunaguni, wai an ɗauko mai gyara ya ɓuge da shan inuwa. Shi kuwa idonsa na kan katafila. Kafin azahar ya gane abu guda: a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta gardama, sai ta ɗaga hanci tana hawan tudun madatsa fitilar ke kamawa. Ya ce a ransa, maƙaryaci ba ya bambanta hawa da sauka. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani tsohon agogo mai allura na awon ƙarfin gudun mai, ya kwance sensa ya ɗaura agogon a gurbinsa, ya hau ya tsuguna kusa da direba. A fili allura na tsaye daram. Suna soma hawa ta fara sulalewa ƙasa, har ta kusa kwanciya. Direba ya dube ta, ya kashe inji da hannunsa ba tare da an ce ya kashe ba.

Aka tsiyaye mai, bakanike ya kwanta rigingine a kan yashi mai zafi, ya kwance kaskon da ke ƙarƙashin inji, mai na ɗiga masa a gemu. Da la'asar sakaliya ya fito riƙe da wani baƙin tsumma, guntun tsohuwar riga irin ta goge hannu, wanda ya faɗa ciki ta bakin zuba mai, Allah kaɗai ya san yaushe. A fili yakan kwanta a lungun kaskon bai tare wa kowa hanya ba. In mota ta karkata, sai mai ya kwaso shi ya manna a rariyar bututun da inji ke zuƙar mai da shi, kamar ganye a bakin magudana. Da an tsinke wayar, da injin ya yi ta aiki da ƙishi har ƙarafansa su cije, kuma babu wata katafila kusa da za a aro. Ya wanke rariya da man gas, ya mayar da kasko, aka zuba sabon mai. Sannan ya laluba cikin tarkace ya ɗauko sensan nan na farko da aka yar don an ce maƙaryaci ne, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar da shi mazauninsa.

Katafila ta hau tudu ta sauko, ta sake hawa, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Shugaban aikin ya ɗaga tsumman a kan tsinke ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Matan ƙauyen suka aiko da ƙwaryar fura mai sanyi. Bakanike ya sha ya ƙoshi, ya miƙa wa direba sauran, ya miƙe ƙafa yana sauraron injin na aikinsa, ransa fes. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ruwa ba ya tsami banza.