Cinyar Dada

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Jimeta, mahaifiyata, Dada, ta karɓi wata yarinya sa'ata, Asta, wadda ta rabu da iyayenta a hanya. Wata Asabar da la'asar, lokacin kitsona, na tarar da kan Asta a cinyar Dada, ana shafa mata man shanuna.

Na tsaya da tsefaffen kai na ce, "Dada, wurina ne fa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke ai kin san inda uwarki take."

Yau da nake yi wa 'yata kitso na gane maganar, har ina gode wa Dada. Amma in na ji ƙanshin man shanu, sai abin ya dawo mini sabo. Wallahi kitson Asta ya fi nawa kyau.