Tsohuwa Mai Ciyar da Kujera

Yarinyar tana naɗa ganye dariya ta ɓarke a ɗakin naɗa taba. A kan dandamali, mai karanta wa ma'aikata littafi ya shiga sabon littafin barkwanci da kawunta ya rubuta, wanda duk Havana ke zancensa. Labarin wata tsohuwa ne mai zuba wa kujera shinkafa da wake kullum tana yi mata faɗa, shekara talatin bayan mijinta ya hau kwalekwale ya tsallaka teku.

Ma'aikata suka yi ta buga wuƙaƙensu a kan tebur, tafinsu ke nan.

"Kai, marubucin nan ɗan banza ne!" in ji wani. "Ko kujerar tana neman ƙari?"

Tsohuwar da ke gefenta, wadda ta koya mata aikin, ba ta ɗago ba. A hankali ta ce, "'Yata, ke kaɗai kika taɓa cin abinci a gidana."

"Inna, hira kawai na yi masa. Ban san zai rubuta ba."

"Bar wannan. Faɗa mini, a ƙarshen littafin yana dawowa?"

Ta san amsar. Kawunta ya karanta musu ƙarshen a gida yana dariya har da hawaye: mijin yana can da wata mata da jikoki bakwai.

"Yana dawowa, Inna."

Tsohuwar ta yi murmushi, ta buga wuƙarta sau ɗaya.

Washegari, kafin kowa ya iso, yarinyar ta hau dandamalin, ta yage babin ƙarshe.