Hantsin Malam Barau

Shekara goma sha biyu ke nan da aka rufe saman garin da rumfar farantan sola masu juyawa suna bin rana. Wuta ta daina ɗaukewa, zafi ya yi sauƙi, sai dai rana ba ta ƙara taɓa ƙasa ba.

Da safe Inna Yelwa ta yafa mayafi ta nufi ofishin Injiniya Safara'u, mai kula da rumfar.

"'Yar nan, alfarma na zo nema. Jikin Malam ya ƙi, ko kunu ba ya sha. Abu ɗaya yake ta faɗa, hantsi yake son sha."

"Inna, ai akwai hita a ɗakinku."

"Na kunna masa. Ya ce wannan ɗumi ne kawai."

Layin farantan da ke saman gidan Inna ne ke ba asibiti wuta, doka ta hana a taɓa shi.

"Minti goma, Inna. In an tambaya, wanke farantin nake yi. Je ki fito da shi."

Inna ta shimfiɗa wa mijinta tabarma a tsakar gida. Can sama faranti ɗaya ya karkace, haske ya zubo. Kaji suka watse da kuka, don ba su taɓa ganin irinsa ba. Malam Barau ya juya wa rana baya yadda ya saba a da, sai ga inuwarsa kwance a gabansa. Ya daɗe yana kallon ta.

"Baiwar Allah," ya ce wa inuwar, "ashe ke ma kin rame."