Muryar da Man Dalma Ya Cinye

Na ga kana ta juya wannan kwalba, Sabi'u, kana cewa ai man dalma duk ɗaya ne, in dai dalma ta narke ta kama. Ajiye ta tukuna in ba ka wani misali, don ni wannan magana duk na ji ta sai raina ya ɓaci.

An yi wani mai gyaran waya a wata kasuwa, gwani ne na gaske, sai dai Allah ya jarrabe shi da son a yaba. In aikinsa bai yi ƙyalli ba, ko waya ta tashi, shi a wajensa bai gama ba. Mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar waya, a cikinta kuwa akwai muryarsa. Tsohon mutum ne mai barkwanci. Lokacin da yake kwance a asibiti jikoki suka nuna masa inda ake danna ɗaukar magana, sai ya riƙa ɗauka yana tsokanar matarsa, mahaifiyar mai gyaran, yau ya ce kokonta ya yi tsami, gobe ya ce in ya warke sai ya sake biyan sadakinta. Bayan ta fita takaba, wannan waya ta zama abokiyar hirarta. Ba ta iya karatu ba, amma ta san inda ake dannawa. Ɗan ya sha ce mata ta kawo ya kwafe muryar ya ajiye a wani wuri, ita kuma ba ta son waya ta yi nisa da matashinta. Shi ma da yake aikin gida ne, kullum sai gobe.

Rannan waya ta daina shan caji. Tsohuwa ta yafa mayafi ta kai masa da kanta har shago, ta zauna a kan benci ta ce tana jira. Ya buɗe ya tarar ƙafafun bakin cajin, waɗanda ba su fi silin gashi kauri ba, sun saki. Ya shafa man dalma irin namu na masu waya, mai sanyi mai ƙamshin ƙaro, wanda aikinsa kawai ya share dattin ƙarfe dalma ta kwanta, in ya gama kuma ya yi lamo ba ya cutar da komai. Ya hura zafi, ƙafafu suka kama, waya ta soma shan caji. Da a nan ya rufe, da ba ni da labarin da zan ba ka. Amma da ya leƙa ta madubin ƙara girma sai ya ga dalmar ta yi duhu-duhu, ba sheƙi. Abin ya tsaya masa a rai, wai wayar mahaifiyarsa ce za ta fita daga hannunsa da aiki irin na ɗan koyo. Maƙwabcin shagonsa kuwa mai gyaran lagireton mota ne, yana da nasa ruwan dalma mai kaifi, ɗigo ɗaya sai ka ga dalma tana gudu tana walƙiya kamar sabon kwano. Shi ba laifinsa, ƙarfensa kauri gare shi, kuma in ya gama da bokitin ruwa yake wanke aikinsa. Gwanin naka ya tsoma tsinke ya ɗebo, ya ɗiga, ya sake hura zafi. Zafin ya kora ruwan ya shige ƙarƙashin ɗan baƙin abin nan da ke kusa, wanda waya ke ajiye duk abin da aka ba ta a cikinsa. Ya goge sama da auduga, aiki ya fito tas. Ya nuna mata, ba ta ma san abin da take kallo ba, ta dai sa masa albarka ta tafi.

Shi irin wannan ruwa ba ya sanin an gama aiki. Damina ta sauka, raɓa ta tashe shi, ya yi ta cin jan ƙarfe a inda ido ba ya kaiwa. Da farko muryar tsoho ta soma sarƙewa, ya fara tsokana ya tsaya a tsakiya. Wata safiya ta danna, shiru. Da ɗan ya buɗe sai ya tarar da kore kamar gansakuka, hanyoyin wuta sun haɗe, ma'ajiyar ta ƙone ƙurmus. Ya kai wa waɗanda suka fi shi, kowa ya duba sai ya girgiza kai ya miƙa masa abarsa. Ya sayo sabuwar waya mai kyau, ya durƙusa gabanta ya faɗa mata gaskiya. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Ba ta ko taɓa sabuwar ba, tsohuwar ta karɓa ta shafa da bakin mayafinta, ta ce, "Ashe yau ne Malam ya rasu." Wallahi ban taɓa tuna wannan kalma ba sai na ji tausayinsu su biyun, don shi ma muryar ubansa ce, kuma da hannunsa ya kashe ta, yana ganin kyautatawa yake yi.

Don haka kafin ka ɗiga wani abu a wayar mutane, tambayi kanka abin da zai ci gaba da yi bayan ka rufe murfi. In aiki ya kama, bar shi da duhunsa. Irin wannan ne Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.