Gaisuwar Hajiya a Gareji

"Salamu alaikum, Baban Afnan. Sannu da aiki."

Zulkifilu, da ke ɗura harsasansa a gareji, ya ajiye ma'aunin albarushi, ya durƙusa. Surukarsa ce, Hajiya, da ta zo musu hutu daga Kano. Ta tambaye shi gajiya, ta tambayi mutanen ofis, har da cunkoson hanyar Woodbridge. Ba a katse suruka, don haka ya amsa duka.

Tana fita ya dubi kwanson harsasan da ya jera. Wanne ya zuba wa albarushi, wanne bai zuba ba? Ya manta. Dokarsa kuwa ɗaya ce: in hankali ya rabu, a juye duka a sake. In kwanso ɗaya ya sha zubi biyu, bindiga sai ta fashe a hannun mutum.

Ya juye, ya soma daga farko.

Ya kai rabi, sai ga sallama. Hajiya ta manta ba ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa ba. Ya sake durƙusawa, ya sake juyewa. Da ta dawo da kofin shayi, sai ya rufe gwangwanin albarushin, ya kira abokinsa a waya.

"Jerome, ku tafi filin harbin gobe. Ni ba ni da harsashi ko ɗaya."

A kicin, Hajiya ta zauna tana murza gwiwa, ta dubi 'yarta Furera, matar Zulkifilu.

"Matakalar garejin nan za ta kashe ni. Zai kai mu bikin sunan nan na Beltsville goben, ko in sake sauka in gaishe shi?"