Matar da Ba Ta Kiran Sunansa

Karo na biyar ke nan Sufeto Sufyanu yana kwanciya cikin ciyawa da rana tsaka, yana jiran masu fasa-ƙwaurin fetur zuwa Kwanni ta ƙasar Nijar, kuma karo na biyar ke nan babu abin da ya gifta sai jaki.

Shi ko Sufyanu ɗan sandan farin kaya ne, irin wanda duk Illela ta sani. In ya shiga kasuwa cikin ɓad-da-kama, masu albasa kan ce da shi, sannu da aiki yallaɓai. Taƙamarsa ɗaya, bai yarda da kowa ba. Shayin ofis ma sai wani ya kurɓa yake sha.

Abu guda ne bai taɓa fasawa ba. Duk jajibirin fita aiki sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Tasalla, ya gaya mata inda za shi, don neman albarka. Shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta dubansa, ba ta amsawa sai da Allah ya tsare. In magana ta kama, sai ta ce wancan. Matarsa Safiyyatu kuwa tana nan tsakar gida, tana tsince shinkafa.

Ran nan sai Allah ya ba shi sa'a. Babur ɗin wani Idi ya mutu a hanyar Amarawa, da jarka takwas a kai. Sufyanu bai damu da man ba. Wa ke tsegunta musu, shi ne tambayarsa. Idi ya yi rantsuwa bai san ta ba, mace ce dai, maigidansu Mukhtari take buga wa waya, kuma ko sefa ɗaya ba ta karɓa.

"Mi takan ce?"

"Wallahi yallaɓai, ko sau guda ba ta taɓa kiran sunanka ba. Kunya gare ta."

Sufyanu ya yi murmushin manyan masu bincike. Wace mace ce ba ta kiran sunan namiji, in ba matarsa ba? Shekara tara yana cin tuwonta. Ita kaɗai ta san yana tsoron allura, ita ta ga hawayensa ranar da aka tsallake shi a ƙarin girma. Ashe duk rahoto take tarawa.

Ya zo gida ya titsiye ta. Safiyyatu ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta a ƙauyen Gidan Katta. Shirun nan, a wurin Sufyanu, ya fi sa hannu a takarda.

Ya rubuta saki ɗaya, ya ninke, ya sa a aljihu. Amma shi mutum ne mai aiki da hujja. Gobe zai fita babu ita a gidan, in ya yi kamu, ya aika mata da takardar.

Bayan La'asar ya durƙusa inda ya saba. Ya ce gobe bakin tafkin Kalmalo za shi, kuma an ce mutanen nan yanzu da bindiga suke tafiya. Inna ta juya masa baya, ta ce Allah ya tsare.

Har ya kai bakin titi ya tuna ya bar makullin babur a kan tabarma. Ya dawo ba sallama, da tafiyar nan tasa ta sanɗa wadda yake alfahari da ita. Daga bayan labule ya ji ƙarar maɓallan tsohuwar wayar da shi da kansa ya sayo.

"Mukhtari, ka hana yaranka bin Kalmalo gobe," in ji Inna. "Wancan zai tahi can, ni ko ban haihe shi don jarkar man wani ba."